Jifa na Goma

Litinin, 7 ga Afrilu, 6:40 na safe

Ruwan tafki digiri shida. Iska daga yamma, ba ƙarfi. Saura kwana ashirin da huɗu a buɗe kamun kifin da muke ce wa mai haƙora.

Wannan littafi na ruwa ne da kifi. Shekara goma sha tara ina rubuta shi, ban taɓa sa zancen mutane a ciki ba. Amma yayana Gustaw yana asibiti tun jiya da yamma, kuma tunda kwalekwalen namu ne mu biyu, ina ganin abin ya shafi littafin. To, na rubuta.

Litinin, 4:00 na yamma

Ba su bar ni na gan shi ba. Na dawo na shimfiɗa tsohuwar jarida a tebur, na kwance kekunan naɗe zaren fatsa guda biyu, nawa da nasa. Afrilu watan wankin keke ne tunda doka ta hana kamu, kuma kullum ni ke wanke nasa, don Gustaw in ya kwance abu sai ya ɗaure shi da ragowar noti biyu a hannu.

Ga ra'ayina a kan keke, ko da wani zai karanta wata rana. Wanda ake rataye shi a ƙarƙashin sanda na yara ne da baƙin da ke zuwa hutu daga Warsaw. Keke na gaske shi ne mai zama a bisa sanda, wanda kwarkwaronsa, inda zare ke naɗe, ke juyawa da kansa in ka yi jifa. Aibinsa ɗaya ne. In kwarkwaro ya fi zare sauri, sai zaren ya tashi ya cukurkuɗe, ya zama abin da muke ce wa gemu. Maganin gemu biyu ne: ko birkin maganaɗisu da ke cikin murfin gefe, ko babban yatsan mutum yana shafar kwarkwaro yana rage masa gudu. Ni shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran birkin bas, saboda haka an san inda na tsaya. Gustaw kuwa katako ya ja da babbar mota har ya yi ritaya, kuma a wurinsa birki na matsorata ne. Ranar da 'yarsa Iwona ta saya masa wannan keke na Japan, a ranar ya ciro maganaɗisun guda biyar, 'yan ƙanana kamar ƙwayar magani, ya manna kalandar tseren motoci da su a ƙofar firjinsa. Shekara bakwai ke nan yana jifa da yatsa kawai. Gemu uku na taɓa ganin ya yi, kuma duk ukun ya ce laifina ne, wai na motsa kwalekwale.

Matata Regina ta ce in ci abinci. Na ci.

Talata, 8 ga Afrilu, 11:20 na safe

Likitar ba ta kai shekarun Iwona ba. Ta tambaye ni ƙarfe nawa abin ya fara, ta ce a irin wannan ciwo awa ɗaya ba wasa ba ce. Na ce ƙarfe biyar na same shi kwance a kicin ɗinsa. Ta ce ba lokacin da na same shi take tambaya ba. Na ce ban sani ba.

Gefen bakinsa na dama ya sauka. Ya dube ni ya faɗi wani abu sau biyu, sai a na uku na gane.

"Wa ya ci?"

Na ce, "Naka ne ya ci, Yaya."

Sai ya rufe ido.

Talata, 6:15 na yamma

Tunda zancen ya zo, bari in rubuta na direbobi.

A tseren motoci na ƙasa, na kan tsakuwa, direba biyu ne kawai suka isa a yi musu a kansu. Nawa wani ɗan Lithuania ne, mai taka birki da wuri, ya shiga kwana a natse, ya fita kamar mai ɗauke da kwandon ƙwai. Bai taɓa ba mutum mamaki ba, kuma wannan ba aibi ba ne. Gustaw yana ce masa Direban Gawa. Nasa kuwa wani saurayi ne daga kudu, wanda ba ya shiga kwana sai a karkace, tsakuwa na watsuwa a kan 'yan kallo, su kuma suna ihu kamar an raba musu gado. Ni Ɗan Rami nake ce masa, don a tsere goma, huɗu a rami yake ƙarewa. Mutane suna son irinsa saboda ba su ne ke gyara motar ba.

Al'adarmu kowa a gidansa yake kallo. Wanda nasa ke gaba sai ya ɗauki waya ya kira ɗaya ya yi masa tsiya. Mun fi shekara ashirin a haka.

Ranar Lahadi Ɗan Rami ya yi gaba tun da safe.

Ba abin da zan ƙara.

Alhamis, 10 ga Afrilu, 7:00 na safe

Ruwa digiri bakwai. Na sake wanke kekensa, sai da na gama na tuna na riga na wanke.

Asabar, 12 ga Afrilu, 3:30 na yamma

Iwona ta iso daga Gdańsk. Mun tsaya a wajen ajiye motoci na asibiti, tana juya makulli a yatsa, halin ubanta sak.

Ta ce, "Baffa, ba zai koma gidan nan shi kaɗai ba. Zan tafi da shi."

Na ce, "Kin gaya masa?"

"Na gaya masa. Ya ce in je in gaya wa tafki."

Na ce mata ni ina nan, kilomita biyu ne tsakaninmu. Ta dube ni, ban san me ta sani ba. Can ta ce gidanmu hawa na uku ne babu lifta, kuma shi da Regina ba sa ga maciji tun ranar bikinmu. Duk gaskiya ne. Ta ce ɗakin da ta gyara masa yana kallon teku.

Na ce, "Daga hawa na nawa?"

Ta ce, "Na tara."

Ruwan gishiri, daga hawa na tara. Mutumin da in ya buɗe ƙofar baya taku talatin ne zuwa kwalekwale. Ban faɗi wannan ba, na tambaye ta ko hanya da cunkoso.

Litinin, 14 ga Afrilu, 8:05 na safe

1:12. 1:15. 1:31. Waya tana ajiye lokacin kiran da ba a ɗauka ba, ko ba ka sa ta ba.

Talata, 15 ga Afrilu, 5:00 na yamma

Masu sayar da keke suna cutar mutane da yawan boris, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke sa abu ya juya sumul. Za su ce maka wannan boris goma sha biyu gare shi, kamar a kan boris kifi ke hawa. Biyu masu kyau a gefen kwarkwaro sun fi goma na banza. Haka ma saurin naɗi. Yanzu kowa so yake ya murɗa sau ɗaya zare ya dawo mita guda. Ina za ka da sauri haka? Mai haƙora a ruwan sanyi malalaci ne, in ka wuce da kifin roba a guje ko kallonsa ba zai yi ba.

Abin da ya kamata mutum ya duba a keke shi ne ko yana amsawa a lokacin da aka buƙace shi. Sauran duk ado ne.

Regina ta zo ta tsaya a kaina ina wannan rubutu. Ta ce, "Lucjan, ko dai ka goge su daga wayar, ko ka yi masa maganar. Kullum kana zaune kana kallon lambobi uku."

Na ce mata ina rubutu a kan boris.

Alhamis, 17 ga Afrilu, 2:10 na rana

An sallame shi. Yana tafiya da sanda, magana ta dawo amma a hankali take fita, sai ka jira ta. Yatsu huɗu na hannun dama suna riƙe abu. Babban yatsan yana motsi, yana dannawa, amma ba ya jin komai. Ma'aikaciyar jinya ta soka masa allura a gabana, yana kallon taga.

A mota ya ce, "Yatsan yana nan, yaro, amma kamar na maƙwabci."

Shekarata sittin da huɗu, har yanzu yaro yake ce min.

Da muka shiga gida bai zauna ba sai da ya je gaban firji ya duba ranar tsere na gaba. Daga nan ya buɗe ƙofar baya ya tsaya yana kallon ruwa. Iwona ta ce ya rufe, akwai sanyi. Ta ɗauki hutu har farkon Mayu.

Lahadi, 20 ga Afrilu, Ista, 1:00 na rana

Mun karya a gidansa. An raba ƙwan da aka kai coci jiya, kowa ya yi wa kowa fatan alheri. Regina ta kawo miyar tsami da tsiran nama, Gustaw ya ce gishiri ya yi yawa, ta ce masa ai likita ya hana shi, ya ajiye cokali. Bai ajiye ba. Da hagu yake ci, rabi na komawa kwano.

Iwona ce ta ɗauko zancen akwati. Ya bar ta ta gama tsaf.

Ya ce, "Ɗaya ga Mayu za a buɗe kamu. Za ki shiga kwalekwale da mu. Zan yi jifa goma da kekena. In na yi goma babu gemu, hannuna ya isa ya riƙe ni, ki koma gidanki ki bar ni. In na yi gemu ko ɗaya, ni da kaina zan ɗauki akwati."

Ta ce, "Baba, wannan wace irin magana ce? Rayuwarka za ka ɗora a kan zare?"

"A kan me kike so in ɗora ta? A kan lifta?"

Ta juyo wurina. "Baffa, tsakaninka da Allah, zai iya?"

Na ce, "Da yatsan da ba ya ji, ko biyu ba zai yi ba."

Gustaw ya ce, "Kin ji ko? Direban Gawa ya yi magana. To me kike tsoro?"

Ta yarda. Ta yarda ne don ta san zai faɗi, kuma ta san ubanta: in ya ba da hannu a kan magana, ko wuta ce zai shiga. Suka yi musabaha da hagu a kan kwanon ƙwai. Regina ta ce wannan gida kowa a cikinsa sai addu'a.

Kekensa yana wurina har yanzu. Ban kawo masa ba, ban gama sa mai ba.

Talata, 22 ga Afrilu, 10:45 na safe

Iwona ta kai shi gari wurin masu motsa masa hannu. Ina da makullin gidan.

Maganaɗisu biyar ne, ɗaya a kowace kusurwar kalanda, ɗaya a tsakiya. Sun yi tsatsa kaɗan a gefe. Na manna kalandar da salatif daidai inda take, ban karkata ta ba.

Talata, 4:20 na yamma

Sun koma gurbinsu a cikin kekensa kamar jiya aka cire su. Na murɗa birki zuwa ƙarshe, na ɗan matse notin gefen kwarkwaro. Na fita bayan gareji na gwada a kan ciyawa, na ɗaga babban yatsana sama don kada ya taɓa komai, sai in abu ya sauka in danne. Jifa ashirin, babu gemu ko ɗaya.

Abu biyu ne kawai. Jifan ba ya nisa, ya ragu da kusan mita goma. Sannan ƙarar ta canja. Da can kekensa fito yake yi in zare na fita, yanzu gurnani yake yi ƙasa-ƙasa. A kan ruwa da iska ba lalle a ji ba.

A ra'ayina ba a saka birki a inji don wulaƙanta mai shi. Ana saka shi ne don ranar da mutum ya gaza.

Laraba, 23 ga Afrilu, 12:30 na rana

Regina ta gani. Ita ba ta san kan keke ba, amma ta san fuskata.

Ta ce, "Ka mayar masa da su firji."

Na ce, "In ya tafi hawa na tara, kafin damina ya mutu."

"In ya zauna fa? Wa zai same shi a kicin karo na biyu?"

Na ce ni.

Ta ce, "Ƙarfe nawa?"

Shekara talatin da takwas muna tare, ba ta taɓa min magana mai zafin wannan ba. Ta ma san ta yi, don ta ajiye wuƙar da take yanka albasa ta zo ta dafa kafaɗata. Ta ce, "Wa kake yi wa, Lucjan? Shi, ko kanka?"

Ruwa digiri tara.

Asabar, 26 ga Afrilu, 11:00 na safe

Na je da burodi. Iwona ta fita kasuwa. Yana zaune a kicin da hannun dama cikin aljihun rigar sanyi, kuma gidan ba sanyi.

Na ce, "Fito da shi in gani."

Ya fito da shi. Babban yatsan ya yi bororo fari, girman ƙwan tattabara. Butar shayi ya ɗauka jiya, yatsan ya kwanta a jikin ƙarfe.

Ya ce, "Ban ji ba sai da na ji ƙauri. Na ɗauka ma Iwona ce ta bar nama a wuta." Ya yi dariya da rabin baki. "Kada ka gaya mata."

Na ce ba zan gaya mata ba. Na wanke masa, na ɗaure. Ta dawo ya ce mata ƙugiya ce ta soke shi.

Sirri biyu ke nan nake riƙe wa mutum ɗaya, kuma ɗaya bai san da shi ba.

Asabar, 5:40 na yamma

Ba a cika maganar wanda ke zama kusa da direba yana karanta masa hanya ba, amma a ganina shi ne rabin motar. Direba bai ga abin da ke bayan tudu ba, bakin na gefensa kawai yake bi. In ya ce masa kwanar gaba mai sauƙi ce, zai taka totur da zuciya ɗaya. Na taɓa jin labarin wani mai karanta hanya da yake rage wa kwana kaifi a takarda don direbansa ya daina tsoro. An ce sun ci tsere biyu a haka.

Ban san me ya sa na tuna da shi ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu, 4:00 na yamma

Mun kalli tsere tare a falonsa, abin da ba mu taɓa yi ba. Babu daɗi. Tsiya a waya ta fi armashi, in mutum yana kusa da kai sai ka ga yadda yake lalubar kalma kafin ya zage ka.

Ɗan Rami ya yi gaba har zagaye na biyar, sannan ya shiga wata kwana kamar ubansa ne ya gina ta, ya kwanta a rami taya sama. Ya fito lafiya yana ɗaga wa mutane hannu. Nawa ya ci, da tazarar da ba ta kai a yi magana ba.

Na ce, "Ka gani, Yaya? Wanda ya iso shi ne direba."

Ya ce, "Ya iso ina? Motar gawa ma tana isowa."

Da ya tashi ɗauko ruwa, kusurwar kalandar ta ɓalle daga firji tana lilo. Ya sa hagu ya danne salatif ɗin, ya shafa shi sau biyu, ya buɗe firji. Ya ɗauko ruwan ya dawo ya zauna. Ni kuwa ina kallon talla.

Laraba, 30 ga Afrilu, 6:00 na yamma

Na buɗe murfin gefe sau biyu yau. Na rufe sau biyu. Suna ciki. Tsoro nake ji, kuma ban san wanne nake tsoro ba, ya ci ko ya faɗi.

Alhamis, 1 ga Mayu, 3:15 na yamma

Ruwa digiri goma sha ɗaya. Iska kusan babu. Kifi: babu.

Ƙarfe shida muka tura kwalekwale. Tafki cike da mutane kamar kowace ranar buɗi, kowa na gaishe shi daga nesa, yana ɗaga musu sanda. Iwona ta zauna a gaba cikin rigar ruwan ubanta, hannun rigar ya wuce yatsunta. Na tuƙa mu zuwa bakin ciyawar da ke bayan tsibiri, inda muke farawa duk shekara. Na ɗaura masa kifin ƙarfe mai nauyi, na miƙa masa sanda.

Ya juya keken a hannu, ya kalle shi, ya kalle ni. Ya ce, "Ya sha mai."

Ya yi jifa na farko a zaune. Zare ya fita sumul, ƙarfe ya faɗa ruwa, ya danne. Iwona ta ce, "Ɗaya," da muryar wadda ba ta damu ba. A na huɗu muryar ta canja. A na bakwai ta daina kallonsa, ni take kallo. Ni kuwa igiyar anga nake gyarawa, wadda ba abin da ya same ta. Babu iska, gurnanin keken har tsibiri ana jin sa.

"Tara," in ji Iwona, da ƙyar.

Ya naɗe zare, ya kwantar da sanda a cinyarsa. Na ɗauka hutawa zai yi.

Ya ce, "Yaro, zo ka buɗe murfin nan. Da hannu ɗaya ba zan iya ba."

Na ce, "Yaya, saura ɗaya."

"Ciwon bai taɓa min ƙirge ba. Buɗe."

Iwona ta ce, "Murfin me? Me ke faruwa?"

Ya ce, "Baffanki ne ya yi wa firjina sata. Kifi na ganinka, mai jar koma. Shekara bakwai kalandar nan ba ta san salatif ba. Kuma ko makaho ne ni, keken nan fito yake min, yau yana min gurnani kamar tsohon kare."

Kunya ta kama ni irin wadda rabona da ita tun muna yara. Na buɗe murfin, na ciro su ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, suka manne da juna a tafin hannuna. Ya sa na sassauta notin ma. Ina yi, shi yana kallon ciyawa.

Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kuma ka daina wannan abin da kake yi wa kanka. Waya ce ba ka ɗauka ba. Da nawa ne a baya ranar, ni ma ko kallon ta ba zan yi ba."

Na mayar da murfin. Iwona ba ta tambayi wace waya ba.

Ya ce, "Tara naka ne. Bari in yi ɗaya nawa."

Ya miƙe tsaye. Iwona ta ce ya zauna, ya ce ta riƙe bakinta ta riƙe gefen kwalekwale. Ya kai sanda baya, ya sake ta da dukan jikinsa kamar yadda yake yi tun ina ɗauko masa tsutsa. Keken ya yi fito. Ƙarfen ya tashi ya wuce inda taran suka faɗa, ya wuce bakin ciyawa, ban taɓa ganin ya kai nan ba ko da lafiyarsa. Sai fiton ya yanke. Zare ya tashi a kan kwarkwaro ya kumbura, ƙarfen ya tsaya cak a sama ya faɗo. Gemu ne irin wanda ake kiran mutane su zo su gani.

Ya tsaya yana kallonsa. Yatsan yana kan zaren, bai sani ba.

Iwona ta fara kuka. Ta ce, "Baba, ba sai yau ba, za mu iya sake magana."

Ya zauna, ya warware ƙyallen yatsan da haƙori, ya nuna mata. "Ba ƙugiya ba ce, butar shayi ce. Ki shirya akwati." Sannan ya miƙo min hagu. "Ba ni kayana. Akwai firji a Gdańsk, ko?"

Na zuba masa su. Ya sa a aljihun riga ya maɓalle. Na janyo ƙarfen da hannu, na tuƙa mu gida.

Lahadi, 4 ga Mayu, 9:30 na safe

Sun tafi. Akwati biyu da kalanda. Ya bar min makullin kwalekwale da keken. Regina ta ba shi kwalbar miya, ya ce Allah ya sa ta rage gishiri, ta ce Allah ya kiyaye hanya, tsohon banza. Ta shiga motarmu ta yi ta share hanci har gida.

Laraba, 7 ga Mayu, 7:10 na safe

Ruwa digiri goma sha biyu. Na fita ni kaɗai. Kifi biyu ƙanana, na sake su. Kwalekwalen yana karkata gefe ɗaya in babu kowa a baya, sai na sa jarkar ruwa.

Lahadi, 18 ga Mayu, 2:00 na rana

Dokarmu ce ba a yanke gemu da wuƙa, sai dai a zauna a warware shi da tsinke ko zai ci yini. Wannan na kekensa ba zai fi min awa biyu ba. Yana kan kanta tun ranar, kusa da rediyo. Regina ta tambaye ni sau biyu yaushe zan warware shi, ta ce yana tara ƙura. Na ce mata ba nawa ba ne.

Yau akwai tsere. Ɗan Rami ya yi gaba tun zagaye na biyu, yana shiga kwana a karkace yadda ya saba. Ra'ayina a kansa bai canja ba.

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin waya ta yi ƙara. Na ɗauka tun kafin ta gama ta farko.

Ya daɗe yana lalubar kalmar. Ina jin numfashinsa, da talabijin ɗin Iwona a bayansa.

Ya ce, "Yaro. Naka ya tsaya shan shayi ne?"

Na ce masa ina ji, ya ci gaba.